Kabarin da Muka Tona a Garin Mutane

Yaran da suka zo yashe mana kwata ran nan su suka fama mini tsohon miki. Ina zaune a ƙofar gida nan Makera ina jiran rana ta ɗan yi sanyi, sai ga su sun duro daga kekuna masu ƙafa uku, riguna iri ɗaya, huluna iri ɗaya, kowa da safar hannu kamar zai shiga ɗakin tiyata. Mutum ɗaya ya riƙe shebur, sauran suka riƙe waya. Da ya ɗan kwaso dagwalo sai ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma a ɗauke shi hoto. Wata 'yar budurwa ta matso inda nake, ba rusunawa ba komai, ta ce, "Baba, sannu da hutawa. Mu folontiya ne, muna zagaya gari gari muna koyon rayuwa. Don Allah ɗan riƙe tsintsiyar nan mu ɗauka tare." Na ce mata, "'Yata, in shara kuke so na yi, ku ba ni na yi. In hoto ne, ina da shi a katin zaɓe." Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Kafin la'asar sun watse, sun bar mana tulin dagwalon a bakin kwata, ruwan sama ya zo ya mayar da shi inda ya fito. An ce a ƙarshe takardar shaida za a raba musu. Raina ya ɓaci, kuma ba kwatar ce ta ɓata mini shi ba. Jin maganar koyon rayuwa a bakin wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi wayarsa nauyi ba, shi ya tsaya mini a wuya.

A zamaninmu ba mu san sunan abin da muke yi ba, yi kawai muke. Na zo garin nan ina saurayi daga ƙasar Katsina, ilimina bai wuce na allo da 'yar firamare ba, na sami aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Wanda bai ga kudancin Kaduna a lokacin ba, ko na rantse masa ba zai yarda ba. Jiniya ce ke tada gari, ba zakara ba. Da ta yi kuka sai ƙararrawar kekuna ta cika titi, 'yan safe na shiga, waɗanda suka tashi na fitowa da farar auduga a gashi da gira kamar sun tsufa a wuni ɗaya. Mata na jere a bakin get da tukwanen shinkafa da wake, da kunu, da ƙosai mai zafi. A ɗakin saƙa kuwa ba ka jin maganar na kusa da kai, sai dai ku yi da hannu da ido, shi ya sa har yau kunnena na hagu ba ya aiki sosai. Mutumin Binuwai na gefenka, na Filato na bayanka, Bakano na gabanka, in zare ya tsinke ba mai tambayar inda kake ibada kafin ya taya ka ɗaurawa. Yau ka bi ta wurin, ciyawa ta fi mutum tsawo, jemagu da ƙadangaru ne ma'aikata, gari kuma an kasa shi kamar naman watanda, kowa ya kwashi iyalinsa ya koma inda masu irin sunansa suke. Waɗanda suka yi mana haka suna nan da ransu, wasunsu har gayyatarsu ake yi su ba da lacca kan zaman lafiya.

A ɗakin saƙarmu akwai abin da muke kira rakiya. Yawancin abokan aikinmu Kiristoci, in ɗayansu ya rasu ba a binne shi a Kaduna. Burinsa da na danginsa shi ne a mayar da shi ƙauyensu ya kwanta kusa da iyayensa. Kamfani kan ba da mota da direba, daga nan ya zare hannunsa. Ɗaukar akwati, riƙe shi a hanya kada ya yi ta gwaruwa, lallashin matar, tura mota in ta kafe, tsayuwa gaban dangi a faɗi yadda aka yi, duk wannan sai wanda ya ga zai iya. Ba a biya, ba mai yi maka tafi, ranar hutunka ce za ta tafi, wani lokaci har da ta aiki. Mu Musulmi da yake ba a kwana da gawarmu, in namu ya rasu a nan ake sa shi, sai rakiyar ta zama ta iyali da kaya da ta'aziyya, su ma su bi mu Funtuwa ko Kazaure su tanƙwashe ƙafa a tabarma suna amsa amin da ƙarfi fiye da mu. Shugabanmu wani dattijo ne mutumin Filato, gajere, mai furfura har a kunne, kowa Baba yake ce masa. Shi ya ja ni ciki. Ya same ni wata Asabar ina goge keke zan tafi kallon ƙwallo, ya ce, "Kai, wannan ƙarfin naka na goge keke ne kawai? Zo ka kama mana akwati." Ban iya yi masa musu ba, na bi shi ina ƙunƙuni.

A bayan motar gawa na san ƙasar nan. Na ga inda ake tona kabari cikin dutse, ƙarti su wuni suna sara wuta na tashi. Na ga inda ake makoki da ganga da rawa, da fari abin ya yi mini banbaraƙwai, sai da na ga uwar mamacin tana taka rawar hawaye na zuba na gane kuka ne dai irin namu. Na koyi cin sakwara ba tauna. Na koyi yadda ake ƙin ƙwaryar burkutu ba tare da an ci fuskar mai miƙowa ba: ka karɓa da hannu biyu, ka gode, ka miƙa wa na kusa, Baba kuma ya sa a kawo mana kunu. Na iya gaisuwa da yarurruka da dama, duk da yanzu ta zube sai kaɗan. Baba ba mai dogon wa'azi ba ne. Duk sanda muka doshi gari sai ya bugi jikin mota ya ce, "To, mun iso garin mutane. Kowa ya sa hannunsa a aljihu sai an ce ya fitar." Mu kuwa samari mun ɗauka maganar tukunyar nama yake yi da 'yan matan ƙauye.

Wanda ya koya mini injin saƙa wani mutumin Binuwai ne, dogo, mai sanyin hali, ɗakinsa na kallon nawa a gidan haya nan Makera. Baban Boyi muke ce masa, saboda ɗansa ɗaya tilo, Boyi, wanda ke goye a lokacin. Matarsa 'yar wajen Akwanga ce, ba ta jin yarensa ba ya jin nata, da Hausa suka yi soyayya, da ita suke faɗa. Danginsa ba su taɓa murna da ita ba, don sun so ya auro 'yar gida. Ni gwauro, tuwonta na ci har na yi aure, in azumi ya zo ita ke dama mini kunun buɗa-baki kafin na dawo daga aiki. Ciwon ƙirji ya kama Baban Boyi, irin wanda ke kama masu shaƙar ƙurar auduga, ya yi ta tari har ya koma ƙashi da fata. Ina ɗakin ranar da ya riƙe hannunta ya ce, "Kada ki bari a sa ni a Kaduna. Ki kai ni wurin babana." Ta ce, "Zan kai ka." Ba ta ƙara komai ba, amma wanda ya san matar nan ya san magana ta ƙare. Da ya cika ba ta tsaya birgima ba, ta gyara ɗaurin zani ta tafi neman Baba.

Muka tashi da asuba, akwati a tsakiya, mu a kewaye. Mu uku ne Musulmi a tafiyar, ni da wasu abokaina biyu mazauna Tudun Wada, sauran 'yan cocinsu ne da 'yan ɗakin saƙa. Damina ce, hanyar Kachiya ta zama taɓo. Mota ta kafe mu sauka mu tura, mu hau ta sake kafewa. Maman Boyi ta jingina da akwatin, ɗa a baya, hannu a kan murfi, duk ramin da muka faɗa sai ta danna shi kamar mai lallashin yaro. An yi wa mamacin allura a asibiti don ya jure hanya, amma allurar wancan zamani ba ta da ƙarko, tun muna Lafiya muka fara jin alamar mutumin nan ƙasa yake so. Muka haye babban kogi a Makurɗi, muka saki kwalta muka shiga jar hanya tsakanin gonakin doya, rana na shirin faɗuwa muka isa. Mata suka fito da kururuwa, aka shigar da akwatin wata rumfa a tsakar gida, aka ba mu masauki. Abin da ya ɗaure mana kai, ba a tona komai ba, ba ma alamar niyya. Muka tambayi Baba, ya ce dattawa za su zauna tukuna, kuma gobe da sassafe zai raka wan mamacin wani ƙauye su kira dangin uwa.

Da muka idar da sallar asuba mu uku muka fito, gari ya yi haske, Baba ya riga ya tafi. Iska ta kaɗo daga rumfar nan, ɗaya daga cikin abokaina ya toshe hanci ya ce, "Wallahi wannan zalunci ne. Bawan Allah ya gaji, an ajiye shi ana jiran shawara." Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da aka dasa mana tun muna yara. Gaggauta wa mamaci makwancinsa shi ne gata na ƙarshe da za ka yi masa, tonan kabari kuma ba a jira a roƙe ka, rige-rige ake yi don lada. A bayan gidan ga kaburburan dangi a jere, ga fili a gefe, ga manyan garemanin noman doya jingine da rumbu. Muka tuɓe riguna. Ƙasa mai laushi, kafin hantsi mun gama, kuma muka yi shi yadda hannunmu ya saba, babban rami sannan ƙarami a cikinsa daidai kafaɗar mutum, an daidaita yadda mai kwanciya zai fuskanci gabas. Ko kusa bai faɗo mana a rai ba cewa akwati ba zai shiga wannan ramin ba. Muna share gumi muna jin daɗin kanmu, ni har ina cewa a zuci yau na saka wa malamina ko da kaɗan ne.

Wata tsohuwa ce ta fara ganinmu. Ta saki tulun ruwanta, ta ɗora hannu a ka, ta ƙwalla ihun da ya fi na jiya. Kan ka ce kwabo mutane sun kewaye mu, samari da adduna a hannu. Sai aka buɗe hanya, ga dattijon da ke babba a gidan ya iso, ƙanen uban mamacin, tsohon soja ne, ƙafarsa ɗaya tana ja, Hausarsa ta bariki.

"Wa ya ba ku oda?" in ji shi.

Na ce, "Baba, ba wanda ya ba mu. Taimako muka yi."

"Taimako." Ya leƙa ramin, ya zura sandarsa cikin ƙaramin, ya ɗago ya dube ni. "Wannan na akwati ne? Wato za ku cire ɗana daga akwati ku sa shi kamar naku, da sassafe, kafin mu buɗe mu ga jikinsa. Me kuke ɓoyewa? Me kuka yi masa a Kaduna?"

Ana cikin haka Baba ya dawo da dangin uwa. Ya dubi ramin, ya dube mu ba riguna, ƙasa har gwiwa, ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Abin da ya ce mana kawai, "Na ce hannu a aljihu."

A ƙarƙashin wani mangwaro aka zauna, mu a ƙasa a tsakiya kamar ɓarayin akuya. A nan na ji dokar garin. Ba a sa ƙarfe a ƙasa don mamaci sai dangin uba da na uwa sun zauna, sun buɗe shi sun gani, sun tambayi abin da ya kashe shi, an wanke zargi tsakanin kowa da kowa. Bayan nan babban gida ya nuna wuri ya fara sara da hannunsa. Wanda ya riga su tonawa, a wurinsu, yana gaggawar rufe wani abu ne. Baba ya yi bayani har muryarsa ta dushe, ya ce yaran nan haka ake yi a garinsu, alheri suka nufa, ya faɗi ciwon tun daga farkonsa. Dattawan suka yi ta magana da yarensu, rana na ƙara zafi, iskar rumfar nan na ƙara kaɗowa. Can tsohon sojan ya juyo da Hausa don kowa ya ji.

"In baƙi suka yi wannan da kansu, to gawa ta zama tasu. Su ɗauka su koma da shi Kaduna su sa a raminsu, ƙasarmu ba za ta karɓe shi ba. In na gida ne ya sa su, wannan maganar gida ce. Mun san yadda muke yi da na gida."

Na tuna hanyar da muka biyo, na tuna halin da akwatin ke ciki. Sai na ji motsi ta gefen mata. Maman Boyi ce ta miƙe, ta gyara goyo, ta tako har tsakiyar fili ta durƙusa.

"Baba, ni na sa su," in ji ta. "Na ga jikinsa ya fara canzawa, na kasa jurewa, na roƙe su. Ba su san komai ba."

Matar nan ko fitowa daga rumfa ba ta yi ba tun jiya. Na yunƙura zan ce ƙarya ne, Baba ya take mini ƙafa da takalminsa, irin takun da sai da farcena ya yi baƙi. Ya matso da bakinsa kunnena ya ce, "In ka buɗe baki, kai za ka mayar da shi Kaduna a kanka. Ta san abin da take yi."

Tsohon sojan ma ya san ƙarya take yi. Na ga idonsa, na rantse ya sani. Ƙofa ya buɗe don ya san wadda za ta shiga, da ma can ba sa ƙaunarta. Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Za a binne ɗansu kusa da ubansa. Ita kuwa ba za ta tsaya a bakin kabari ba, za ta fita daga gidan tun yanzu, kuma ƙafarta ba za ta sake taka garin ba. Yaron namu ne, in ji shi, in ya girma ƙofa a buɗe take. Ta ce, "Na gode, Baba," ta tashi ta nufi inda muka ajiye mota a bakin gari, ba ta waiwaya ba. Tsohon nan ya daɗe da zama ƙasa, amma har gobe in na tuna fuskarsa sai na ji zuciyata na tafasa.

Saura raminmu. Suka ce kabarin da aka tona ba ya zama wofi, in aka bar shi zai nemi wani. Aka saro gungumen ayaba aka jefa ciki, aka ce mu rufe. Abokina ya ja da baya ya ce, "Baba, wannan fa tsafi ne, ni ba na ciki." Baba ya miƙa masa garma ya ce, "Kai ka tona, kai za ka cike. Abin da suka jefa nasu ne. Ƙasa kawai aka ce ka mayar inda ka same ta." Muka mayar. Sannan tsohon sojan ya je can gefen wata bishiyar lemo ya yi sara da hannunsa, samarin gida suka karɓa, suka tona mai faɗi mai zurfi. Muna tsaye daga baya, hannuwanmu a aljihu, aka sauke Baban Boyi da igiya, matan coci na waƙa. Waƙar tana kaiwa bakin gari, na san Maman Boyi tana ji.

A hanyar dawowa bayan motar ya yi faɗi da yawa. Ta zauna daidai inda akwatin ya kwanta. Sai da muka haye kogi ta ce, "Malam, ina aka sa shi?" Na ce a bayan rumbu, gindin lemo, dama da na babansa, in ka tsaya a wurin kana hango gonar doya har zuwa rafi. Ta ce, "Akwai inuwa?" Na ce akwai. Ta gyaɗa kai ta ciro yaron ta ba shi nono. Na so na ba ta haƙuri, ta ɗaga mini hannu ta ce, "Na ce zan kai shi, na kai shi. Ku ma don shi kuka yi."

Daga ranar ban sake shiga garin mutane da hannuna a waje ba, kuma na yi rakiya har masaƙa ta mutu, rakiyar ta bi ta. Baba da kansa mu muka kai shi kan duwatsunsu. Maman Boyi ta kafa tukunyar shinkafa da wake a bakin get, da ita ta yi wa ɗanta makaranta tun daga firamare har inda ake sa hula mai igiya. Da gari ya rabu ta koma Romi, ni na tsaya a Makera don taurin kai. Duk da haka ban daina zuwa gaishe ta ba. 'Ya'yana su yi ta faɗa, wai me tsoho da hula da carbi zai je nema a Romi, can ma in na sauka a keke samari su bi ni da ido kamar na zo da wani abu a riga. Ban kula kowa ba. In na je, bayan gaisuwa da tambayar iyali, sai ta ce, "Malam, faɗa mini wurin nan kuma." Na faɗa mata rumbu da lemo da rafi. Ban san ko rumbun ya rushe ba, ban san ko an sare lemon ba, ni dai abin da na gani nake faɗa.

Bara idonta ya fara dushewa, ƙafa ta kumbura. Ta ce mini, "Waɗanda suka kore ni duk sun mutu. Wa zai tare tsohuwa? Ina so na taɓa ƙasar wurin da hannuna kafin na tafi." A da, da wannan magana ta fita, kafin Asabar an sami mota da ƙarti. Yanzu na duba hagu na duba dama, 'yan rakiya sun ƙare, sai ni da kunne ɗaya da sanda. Na ce ai tana da ɗa.

Boyi yanzu ba a ce masa Boyi, Dakta ake ce masa, ko da yake ko allura bai iya ba. Gidansa na Barnawa, katanga da waya a sama, da kare, da maigadi mai tambayar ko kana da alƙawari. Ƙungiya gare shi ta matasa masu aikin sa-kai, da doguwar bas mai sanyi, yana kwasarsu gari gari, har ƙasashen waje, wai ilimi ba a aji kaɗai yake ba. Ya karɓe ni da fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba, ya sa aka kawo mini lemon kwalba. Na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

Ya ce, "Baba, na ji, Mama ta sha yi mini maganar. Amma ka san hanya yanzu ba sekuriti. Ga kuma kalandarmu ta bana ta cika. Bari damina ta wuce, za mu duba mu sa shi a firogiram."

Na ce, "Watan jiya ba ta Makurɗi kuka bi kuka tafi Kalaba ba?"

"Wannan daban ne, Baba, masu ɗaukar nauyi ne suka tsara." Ya ɗan yi dariya ya gyara zama. "Af, na ma tuna. Ina so wata rana ka zo ka yi wa yaranmu magana kan yadda kuka yi aikin sa-kai a zamaninku. Za su ƙaru sosai. Za mu ɗauka a bidiyo."

Na ajiye lemon ban sha ba. Na ce, "Ka kai uwarka ta ga kabarin ubanka, ni zan nuna hanya. In mun dawo ka ɗauke ni bidiyo har ka gaji." Ya ce babu damuwa, zai kira ni. Hanyar ba ta da kyau, wannan gaskiya ne, ni ma ina jin rediyo. Amma ita ta wancan lokacin ma ba shimfiɗa aka yi mana ba.

Damina ta wuce bai kira ba. Wata daminar ta sake kamawa. Ranar da aka aiko mini Maman Boyi ta rasu, na hau keke na tafi Romi. Gidan ya cika da motoci da rumfuna da kujerun roba, an ɗauko kamfanin masu jana'iza, samari da baƙaƙen kwat suna gwada yadda za su yi rawa da akwati. A nan Kaduna za a sa ta. Na shiga ɗakin da aka kwantar da ita na tsaya, na yi mata abin da zan iya a zuciyata. Ina fitowa Dakta ya tare ni a bakin ƙofa, waya a kunne, ya rufe ta da tafin hannu.

"Yauwa Baba, gara da na gan ka. Mai buga littafin jana'iza ne ke tambaya, muna so mu sa tarihin Dadi kaɗan. Wai ƙauyen nan namu, ta wane gefen Makurɗi ma yake?"

Na dube shi tun daga takalmi har gilashin ido. Na nuna masa ɗakin da na fito na ce, "Uwarka ta sani. Shiga ka tambaye ta."

Na sa takalmina na fita neman keke.